Ƙarar Makullai

A gidanmu na Yelwa, cikin Garwa,
ba da sallama muke sanin Baba ya dawo ba.
Makullan motar auduga ke riga shi shiga zaure,
kacau-kacau a aljihun riga,
kaji su watse, mu ma mu watse.
Ni bayan randa nake maƙalewa,
in riƙe numfashi kamar mai nutso,
ina sauraron takunsa:
in yana jan ƙafar hagu,
ranar ɗamararsa ce za ta yi magana.

Shekara talatin ke nan.
Ya rasu, mun yi masa addu'a, an raba gumba.
Sai dai jikina ba wanda ya kai masa labarin rasuwar.
Mijina Hamajoda, da ko kaza zai yanka sai ya kau da kai,
in ya shigo yana kaɗa makullan babur,
ƙafata kan daskare a kan keken ɗinki,
wuya ya ƙage, yawu ya ƙafe,
ido na neman randar da ta fashe tun tuni.

Goggo Dudu ce ta gane,
tsohuwar da ke bandar kifi a ƙarƙashin gada.
Ba ta tambaye ni wa ya yi mini me ba.
Cewa ta yi, "Tuɓe takalmi.
Yashin nan, zafi ko sanyi?"
Na ce sanyi.
"A wace ƙafa ya fi?"
Na yi dariya. Ta ce, "Ban da wasa, ji da kyau."
Na tsaya. Ta dama ce, inda inuwar kwalekwale ta kwanta.
"To kin gani, nan kike.
Wancan gidan babu yashin kogi a cikinsa."

Ta ce in bi numfashina yadda ake bin akuya mai tsoro,
ba da gudu ba, ba da igiya ba,
a hankali, har ta yarda ta ci dusa a tafin hannu.
Ta nuna mini Binuwai da haɓarta:
kainuwa ta taho daga wajen Lagdo, ta wuce,
reshe ya taho, ya wuce,
har da takalmin wani yaro, wari guda.
"Zauna a gaɓa ki gaishe su.
Ba ke aka aika ki tsamo su ba."

Na yi alwala sau dubu nawa ban ji ruwa ba?
Yanzu ina jinsa a tsakanin yatsu,
a bayan kunne, inda yake saura da sanyi.
Wata rana abin ya yi, wata rana ya ƙi.
Akwai daren da har yanzu nake kwana da fitila.

Ran Laraba 'yata Tabawa ta saki kofin shayi.
Tas!
Kafin in sani hannuna ya kai sama,
hannun da ba nawa ba ne, gado ne.
Na ga idonta yana zagaya ɗakin,
na kuwa san abin da yake nema.

Numfashi ɗaya. Ƙamshin albasa a kan wuta.
Na biyu. Siminti mai ɗumi a tafin ƙafa.
Na uku. Wani yana tallan kankana a waje.
Hannun ya sauko da kansa, yana rawa.
Na ce, "Ɗauko tsintsiya,
ki kula da ƙafarki, Tabawa."

Da magariba makullai suka yi ƙara a zaure.
Ta kwasa da gudu
wajen ƙarar.
Ni kuma na zauna na saurara sosai:
ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe.
Zuciyata ta buga sau biyu da ƙarfi,
sannan ta gyara zama,
kamar kaza a kan ƙwai.